Kwalaben Baffa Nomau

A bayan ɗakinmu na Garwa, gindin ɗurumi,
kwalabe goma sha bakwai na kwance a tsohon daro.
Baffa Nomau bai taɓa kai ɗaya bakinsa ba,
amma ya ɗora dubbai a ka.

Ɗan dako ne a bakin Binuwai
zamanin da ruwa kan cika a watan takwas,
jirgin kamfani ya hauro yana tarin tsufa,
ya sauke gishiri da siminti da atamfa
da akwatunan katako masu kacau-kacau a cikin ciyawa,
ya juya da auduga da gyaɗa.
Wata biyu kacal. Sai yashi ya karɓi garinsa.

Bai yi boko ba, da hoto ya san su.
Mai zakara, ja ce kamar shayin da aka manta a wuta.
Mai ƙaho fatsi-fatsi ce, ita likita ke jira.
Mai doki baƙa ƙirin, da farin kumfa a kai kamar rawani,
a nan sai ya ce astagfirullahi,
ya rufe baki yana dariya.
Mai anga ta matuƙa ce, ɗaci kamar maɗaci.
Mai ƙararrawa sau ɗaya take zuwa a shekara, ta bikinsu.
Har da wata mai zaƙi, wai ta masu jego,
wannan kam bai taɓa yarda ba.

Akawun sito, Mista Fikarin, mai jan wuya,
shi ya ce masa kowace da garinta,
kowane gari da rijiyarsa,
kuma ɗan wannan gari ba ya shan ta wancan sai dole.
Baffa ya ce, ashe giya ma tana da asali.

Ran da akwati ya suɓuce a kan tsani
Taiwe ne ya durƙusa, abokin dakonsa, Batufuri,
ya tari abin da ya rage a fasasshen gindi,
ya juya shi a baki, ya daɗe yana duban sama.
Ya ce, ruwa ne dai da ya yi karatu,
bilbil ɗin matata ta fi shi sanin mutum.
An yanke musu ladan kwana uku su biyun.

Wayam ya riƙa kawo su gida.
Inna ta yi musu wanki bakwai, na farko da toka,
ta zuba zuma a wata, kananzir a wata,
mai zakara ta zama ma'aunin man gyaɗa.
Da ita ta ciyar da mu, da ita nake ciyar da nawa.
Takardun duk sun saɓule,
sai zanen da ke jikin gilashi, mai jin yatsa.

Bara wani Bature ya tsaya a rumfata,
ya ɗaga ta a rana kamar mai duban ƙwai.
Da guntun Faransancinsa ya ce
kakansa a gidan nan ya tsufa yana mirgina ganga.
Babban kamfani ya haɗiye ƙarami,
wanda ya fi shi ya haɗiye shi,
yanzu motoci ke kwana inda tukwanen suke,
an toshe rijiyar da kankare.
Ya miƙo jaka goma.
Na ce masa man ne na sayarwa.

Jirgi bai ƙara zuwa ba, sito ya zama na jemagu.
Baffa da Taiwe sun tafi, kowa ta maƙabartarsa.
Amma idan hadari ya taso daga Tingilin
iska kan bi bakunan kwalaben ɗaya bayan ɗaya,
kowace da muryarta.
Mai anga ce ke da kauri.
Sai in ji kamar an busa daga kogi,
in tashi in kwashe shanya.