Igiyar Buri

A Chonchi ruwan sama ba ya sallama.
Tun Maris yake dukan kwanon ajinmu,
ni kuwa na ɗaure igiyar kamun kifi
daga ƙusar taga zuwa ƙusar allo,
na raba wa yara ashirin da uku
guntun kwali, kowa ɗaya.
Na ce kowa ya rubuta abin da yake so ya iya
kafin Disamba ta raba mu.

Florencia ta rubuta: littafi marar hoto, bango zuwa bango.
Amaro ya rubuta: in daina haɗiye wutsiyar kalma.
Wata ta ce ita dai ta fi yayarta.
Na ce wannan ma buri ne, rataya.

Baltazar ya tauna fensir har ya ji ɗacin katako.
Kwalinsa fari fat.
Rigar ulunsa na warin hayaƙin murhu da gishirin teku.
Na durƙusa. Ya raɗa mini a kunne:
sunayen jirage, Malama,
na bakin gaɓa, duka.
Na rubuta masa, ya bi sawun hannuna da nasa.

Takardar ofis ba ta san jirgi ba.
Ita lissafi take so: kalma nawa a minti ɗaya.
Na danna agogo, ya kawo sha ɗaya,
na cike gurbin, na ji kunyar alƙalamina.

b da d suka zame masa tagwaye,
ɗaya tumbi a gaba, ɗaya tumbi a baya,
ya kira wannan, wancan ya amsa.
Muka zana su a faifan yashi.
Muka murza su da ƙullun fulawa.
Muka tafa gaɓoɓi har tafin hannu ya yi ja.
A Yuli sanyi ya kwantar da rabin aji,
shi ma ya yi kwana tara bai zo ba,
ya dawo ya mance rabin abin da muka tara.
Ranar na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa,
na tsaya tsakanin tsintsiya da bokiti
har numfashina ya dawo daidai.
Na fito muka koma kan yashi.

Kwalaye suka fara sauka daga igiya.
Wanda ya cim ma nasa ya cire, ya rataya sabo.
Na Baltazar ya zauna, danshi ya nannaɗe gefensa.

Wata Alhamis a Nuwamba rana ta leƙo,
na jera su biyu-biyu muka gangara tasha.
Ruwa ya janye, jirage sun kwanta a laka
kamar shanun da suka ƙoshi.
Ya tsaya gaban wani shuɗi mai ɓawon fenti,
ya ɗora yatsa.
Go. Lon. Ya haɗiyi yawu. Dri.
Na.
Tsattsewa ke nan a bakinsu.
Jirgin kakansa ne, Don Eleuterio.

Bai yi tsalle ba. Ya ƙura ido, ya matso.
Malama, wannan N ɗin a juye take.
Na duba. A juye take.
Tsohon da hannunsa ya shafa ta,
shekara talatin tana ratsa igiyar ruwa a haka,
tana kawo kifi gida.

Washegari ya hau kujera ya cire kwalinsa.
Ya karɓi sabo, bai nemi hannuna ba.
Ya daɗe a sunkuye, harshe a waje.
Da suka tashi na je na karanta,
baƙaƙen na hawa tudu suna gangarowa:
zan nuna wa Kaka N,
amma ba a gaban mutane ba.

Agogo ya ce talatin da huɗu yanzu.
Na rubuta a gurbin,
na kashe fitila, ruwa ya dawo kan kwano.