Ruwan Hansatu

Hansatu ta dawo daga Dutse da kwamfuta a jaka,
ta ce za ta gina fadamarmu a ciki,
ta sakar mata ruwa, ta ga inda zai bi
kafin damina ta nuna mana da kanta.

Ranar farko na leƙa.
Layi ɗaya ne, a karkace kamar sanda jingine da bango,
wani shuɗin ɗigo na gangarowa.
Na ce, wannan ce Auyon?
Ina tsamiya, ina gonar Barau, ina ni?
Ta ce, Kawu, bari ruwa ya koyi gangara tukuna.

Da mako ya zagayo ta yi masa gaɓa biyu.
Ya bi tsakani salin-alin.
Na ce ruwanmu ba shi da wannan ladabi.
Sai ta hau tambaya: ina yashi, ina laka,
wace ƙasa ke shanyewa, wace ke riƙewa kwana uku?
Ina faɗa tana rubutawa.
Shekara hamsin ina taka taɓon nan,
ba wanda ya taɓa tambayata da biro a hannu.

Ran da ta zuba kachala da kwalbati lokaci guda
abin ya haukace,
ruwa ya hau tudu, ya wuce hasumiya, ya nufi gajimare.
Ta yi dariya, ta cire kwalbatin,
ta koma inda ta tsaya jiya.
Ba a ɗora tubali kan ɗanyen gini, in ji ta,
kuma in biyu suka shiga tare aka yi ɓarna,
wa za ka kama?

Caji ya ƙare. Ilu ya kai kasuwa a babur.
Muka jira har la'asar.

Daren Laraba ta kira ni,
ta saki ruwan shekarar da muka kwana a makaranta.
Ya zo. Ya ɓalle ta kusurwar Tanimu,
daidai inda ya ɓalle.
Na ji sanyinsa a gwiwa, ina zaune kan tabarma.

Amma ya bar rumbuna a tsaye.
Na ce, a nan ya yi ƙarya, rumbun nan ya tafi.
Ta dube ni.
Na ce, akwai ramin gafiya a jikin jinga,
ni na gan shi, na ce gobe zan toshe.

Ta jima ba ta ce komai ba.
Sannan ta jawo littafinta.
To, Kawu, gobe sai mu sa gafiya.