Layi na Tamanin da Bakwai

Kwana uku ina farautar abin da ban san kamarsa ba.
Manhajar da muka gina wa dillalan citta na Kachia
sai ta faɗi ana tsakar ciniki,
ta tashi, ta kakkaɓe riga, ta ce ba ta san an yi ba.
Rumbun kurakurai ya cika har wuya:
ɗari huɗu da sha ɗaya, kowanne da jan tambari,
da sa'ar da ya faɗo, da wayar da ya fito.

A ofishinmu na Barnawa, saman shagon mai gyaran fanka,
Yohanna ya ce, "Ladidi, idonki ya zama gauta.
Haɗa mataimakin da rumbun, ya karanta da kansa.
Wannan kwafe-kwafen da kike kai masa,
kwasar kogin Kaduna ne da cokali."

Na yi shiru. Ba a miƙa wa baƙo mabuɗi duka.
Na ba shi na leƙe, na hana shi na taɓawa,
na kife lambobin asusun mutane
yadda ake rufe tukunya kafin a fita.

Ruwa ya tsuge a kan kwano. Janareta na tari.
Shayina bai gama hucewa ba ya rubuto:
"Ba ɗari huɗu ba ne.
Ɗaya ne, ya zo sau ɗari huɗu.
Dubi sunayen."

Ɗanladi. Ƙasimu. Sa'adatu. Ɓaidu.

Garba ya wuce lafiya, Laraba ta wuce,
amma duk sunan da ke ɗauke da ƙugiya ko alhamza,
layi na tamanin da bakwai ya shaƙe da shi
kamar ƙayar tarwaɗa.
Ni na rubuta layin. Na tuna daren, ina cin gyaɗa.

Ya shimfiɗa min hanya biyu.
Gajeriya: a miƙe ƙugiyar tun a bakin ƙofa,
minti biyar, kowa ya tafi gida.
Doguwa: a kwance ɗinki a wuri uku, a koya wa rumbun sunaye haruffanmu.
Ya ce ta biyun ta fi ƙarko, amma ni ce da zaɓi.

Yohanna ya dubi agogo, ya dubi sama.
Keken ƙarshe zuwa Sabon Tasha ba ya jiran mai tunani.

Ni kuwa babana na gani.
Shekara ashirin a masaƙar Kakuri,
katin aikinsa bai taɓa kiran sunansa daidai ba,
ya saba, har shi ma ya daina lanƙwasa harafin.
In ka cire wa ƙasa ƙugiya, ta kasa.
Baƙi ya koma baki, ɓari ya zama bari.

Na ce wa Yohanna ya tafi.
Muka kwana ni da mataimakin, yana nuni, ina ɗinki,
sau biyu ya yi kuskure, na kama shi,
sau ɗaya na yi, ya kama ni.

Da asuba, kuɗin buhu tara suka shiga asusun Ɗanladi,
ƙugiyarsa tsaye a kan rasit.
Bai san an kwana dominsa ba.
Na leƙa rumbun: fayau,
sai wani sabon ja guda ɗaya daga Kafanchan.
Na ce ya jira in yi salla.