Layi Biyar

Jikata Keeley ta shigo da jiƙaƙƙiyar jaka,
ta ajiye littafi kusa da butar shayi.
"Kaka, malama ta ce mu tambayo manya:
kuna alfahari da zama 'yan Birtaniya?
Layi biyar kawai, kada ka ja zance."

Layi biyar.
Na dubi taga. Tun Talata ake ruwa,
yayyafin nan namu mara zuciya,
bai tsaya ba, bai kuma zuba an huta ba.

Me zan ce wa yarinya?
Ubana Arnold ya yi shekara talatin da ɗaya
a cikin cikin ƙasar nan, ba a bayanta ba,
yana haƙo kwal ɗin da ya ɗumama ɗakunan Landan.
Ranar da aka rufe ramin, wasiƙa ɗaya aka aiko,
sunansa ma ba a rubuta daidai ba.
Da baƙin tari ya ƙarasa kwanansa,
amma in an buga taken ƙasa a talabijin
sai ya dafa kujera ya miƙe da kyar,
ni kuwa in harɗe ƙafa da gangan.
Ba mu taɓa tada maganar ba.
Mu nan ba ma yi; sai dai a ɗora ruwan zafi.

A makaranta an rataya mana taswira,
kashi guda na duniya an shafe da ruwan hoda,
aka ce duk namu ne.
Sai da furfura ta kama ni na tambayi kaina:
su mutanen da ke ƙarƙashin fentin, wa ya nemi shawararsu?

To amma daren da Glenys ta kwanta ciwon ajali,
wata nas, Hyacinth, da iyayenta suka zo daga Jamaika,
ta riƙe mata hannu har gari ya waye,
tana shafa mata ruwa a leɓe da auduga.
Ba wanda ya miƙo mini takardar biyan kuɗi.
Na fito na bi layin bas,
mu bakwai, ba mai ture wani.
Wata tsohuwa ta taka mini ƙafa,
na ce yi haƙuri, ita ma ta ce yi haƙuri.
Nan ne na fashe da kuka,
kowa ya kau da kai don ya rufa mini asiri.

Bara da rani samari suka yafa tuta a kafaɗa,
irin wadda aka lulluɓe akwatin gawar kawuna da ita,
suka farfasa gilashin shagon Sarwar,
Sarwar da aka haifa a asibitin da aka haife ni,
wanda bakinsa ya fi nawa Yorkshire.
Na leƙa ta labule. Ban fita ba.
Wannan ma a rubuta: ban fita ba.
Da safe kunya ta ba ni tsintsiya,
na tarar mutum tara sun riga ni.
Sarwar ya fito da kofuna a faranti,
ya dubi sama ya ce, "Da alama za a yi ruwa."
Muka yi ta zancen ruwa muna kwashe kwalba.

Alfahari? Rigar ta yi mini girma.
Ƙi kuma ta matse ni a hammata.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar;
wankewa ake yi, ana cije baki.

Keeley ta ƙwanƙwasa biro a haƙori.
Na ce, "Rubuta: kakana ya ce ya danganta da ranar."
Ta ce, "Ai wannan layi ɗaya ne."
Na ce, "Bar sauran huɗun, za ki cika su da kanki.
Sha shayinki, yana hucewa."