Gurbi a Kantar Lurwanu

A falon Lurwanu, can Tudun Wadar Jos,
kofunan tanis talatin da ɗaya ke kan kanta.
Na ƙirga su da kaina wata Laraba,
yana goge su da toka da lemon tsami.

Wannan na Kaduna ne, wancan na Lome,
ga na Abuja, ranar da ruwa ya tsayar da wasa
har raga ta yi nauyin jiƙaƙƙen bargo.
Ɗaya kunnensa ya karye a motar Bauchi.

Na ce, "Babban fa, wanda duniya ke kallo?"
Ya murza gwiwar hannu, ya yi dariya.
"Sau biyu na leƙa ƙofarsa.
Na farko, ƙwallo ta taɓa layi, alƙali ya ce waje.
Na biyu, ƙafata ce ta ce waje."

Samarin unguwa na cewa
tarin tsakuwa ba ya zama dutsen Shere.
Ya ce da tsakuwar ya gina gidan nan,
ya kai Asabe har jami'a.

A tsakiyar kantar akwai gurbi,
faɗin tafin hannu biyu.
Nan ma yana gogewa.