Rijiyar Gidanmu

Wata huɗu ke nan kogin ya ƙafe,
yashi ne kawai kwance kamar saɓar maciji.
Mun gangaro tun Ololokwe na lulluɓe da duhu,
ni da gora a baya,
shanu talatin da ɗaya a gaba,
haƙarƙarinsu na ƙirguwa daga nesa.

A nan kowane gida da raminsa.
Samari masu jar ƙasa a kitso
sun tuɓe sun shiga, wani bisa kan wani,
guga na hawa hannu zuwa hannu,
suna rerawa, kowace saniya ta san muryar gidansu.
Ba kora, ba duka.
Murya ce igiya.

Amma bana tari ya cinye muryar baba Lesiamon.
Ga shi can gindin ƙaya, jan bargo a kafaɗa,
yana kallon yayana Ltaramat ya sauka gaba huɗu.
Yaron ya ɗauko waƙar,
ko wasali bai zubar ba.
Ruwa ya cika komi.
Shanun suka ɗaga kunne,
suka yi cirko-cirko, ba wadda ta taka.

Na maƙwabta sun sha sun koma.
Rana ta hau, duwatsun wuyana sun yi zafi
har na ji nauyin kowane ɗaya.
Inna ta ce a hankali, Nkai,
kamar mai kiran wanda ke barci.

Sai baba ya ja jiki zuwa bakin ramin.
Ya leƙa, ya ce da guntun numfashi:
ka cika sauri.
Bayan sunan baƙar nan, ka tsaya.
A nan nake shan iska tun kafin a haife ka.

Ltaramat ya sake.
Ya kai sunan baƙar, ya yi shiru,
shirun da ɗigon guga ya cika.
Mai karyayyen ƙaho ta fara takowa,
sauran suka biyo, ƙura a bayansu.

Da yamma muka bar ragowa a komi.
Dare na giwaye ne.
Gobe za mu tarar sun rushe bakin ramin,
sawunsu kamar faifai a yashi,
mu sake tonawa.

A hanyar gida na ji yayana a baya,
shi kaɗai, yana gwada wurin tsayawar.