Gwangwanin Madara

Ni da Barira muka huda gwangwanin madara,
muka yi masa baki siriri, mai haɗiya ba ya amai.
Keken ɗinki muke so, na shagon Sagir
a Ƙofar Marusa, baƙi mai zanen zinariya.

Ita awara take soyawa in an tashi makaranta,
ni ina wankin babur a bakin famfo.
Ɗari biyu yau, hamsin gobe,
jibi babu, sai mu girgiza shi mu ji motsi.

Na koyi wuce mai tsire ina kallon takalmina.
Barira ta koyi ce wa ƙawaye, "Anko? Ba bana ba."
Sau ɗaya na sa tsinke na zaro ɗari biyar,
na sayi data, na kwana ban runtsa ba.
Da asuba ta ɗaga shi ta ce, "Ya rame."
Ba ta ƙara ba.
Kwana uku ina biya.

Wata tara, muka fasa shi kan tabarmar Inna,
muka ƙirga da yawu a yatsa, muka sake ƙirgawa.
Sagir ya sosa ƙeya:
"Ai kaya sun tashi tun bayan Sallah."
Kuɗinmu sun kai kan keke, ba su kai ƙafa ba.

Muka ɗauko kan a buhu, muna canjin hannu har gida.
Yana bisa akwati yanzu,
Barira na juya shi da hannu, tana facin wandona.
Jiya ta wanke wani gwangwani,
ta miƙo mini ƙusa da dutse.